Idan yaƙi ya shiga birni, me ke kashe jarirai?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata magana da na ji ta tsaya mini a rai, ina so masu ilimin abin su warware mana. Wai idan yaƙi ko tarzoma ta shiga birni, jariran da ke mutuwa ba tare da makami ya taɓa su ba sun fi waɗanda bam da harsashi ke kashewa yawa nesa ba kusa ba. Ni a nawa tunanin, jariri ba ya fita, ba ya zuwa fagen daga, yana jikin uwarsa. In ba gini ya rufto musu ba, me zai same shi? Kuma birni ake magana fa, inda asibitoci da likitoci suke.

Dakta Amina:
Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Maganar haka take. Idan ana lissafin mace-macen jarirai, ana ƙirga yaran da suka rasu kafin su cika shekara ɗaya ne a cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai. A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da ya haɗa bayanan haihuwa daga ƙasashen Afirka 35 da taswirar wuraren da aka yi faɗa tsakanin 1995 da 2015. Sun gano cewa jaririn da aka haifa cikin tazarar kilomita 50 daga inda ake rikici, haɗarin rasuwarsa kafin shekara ya ƙaru da kashi 7.7 cikin 100. Da suka tara, sun ƙiyasta jarirai miliyan 3.1 zuwa 3.5 ne suka rasu ta wannan hanya, wato sama da ninki uku na mutanen da makami ya kashe kai tsaye a waɗannan rikice-rikicen. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne illar ba ta tafiya da tafiyar mayaƙa, tana iya kai shekara 8 bayan an ajiye makamai.

Dalili kuwa, jariri shi ne mafi ƙarancin juriya a cikin gida. Babba zai yi kwana uku yana gudawa ya miƙe. Ɗan wata biyu yana iya bushewa cikin yini guda.

Baban Sadiq:
Innalillahi. To amma Dakta, asibitin fa? Ai ba duka ake rushewa ba.

Maman Iman:
Yaya, bari in amsa maka wannan, don na yi aikin jinya a ɗakin jarirai a wani birni lokacin da aka sa dokar hana fita. Ginin asibitin yana nan tsaye, ko gilashi bai fashe ba. Amma gini ba ya jinya.

Abin da ke faruwa shi ne, naƙuda ba ta san dokar hana fita ba, kuma sau da yawa cikin dare take tasowa. Matar da ya kamata a kawo da ƙarfe ɗayan dare sai a riƙe ta a gida har gari ya waye, don babu direban da zai yarda ya fito, in ma ya fito akwai shingaye a hanya. Kafin su iso ɗan ya gaji a ciki. Sai a ciro shi jikinsa saki, bai yi kuka ba, leɓensa ya yi shuɗi. Wani a samu ya farfaɗo, wani kuma sai haƙuri.

Sai maganar wuta. Bakwaini yana cikin kwalba, wato na'urar da ke ɗumama shi, kwalbar na buƙatar lantarki, injin da ke ba shi iskar oksijin ma haka. Janareta na nan amma dizal ya ƙare, motar da za ta kawo ba ta iya shigowa. Kana tsaye za ka ga fitilar kwalbar ta mutu, ka sa hannu ka taɓa tafin ƙafar yaron bayan ɗan lokaci ka ji ya yi sanyi. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumin jikinsa, sanyi kawai ya isa ya tafi da shi ko da a ƙasa mai zafi ne. Ga ma'aikata: wadda ta kwana ba ta samu mai karɓarta ba don abokiyar aikinta ta maƙale a gida, mutum ɗaya na kula da jariran da ya kamata mutum huɗu su kula da su. Duk waɗannan yaran, a takarda za a rubuta sanyi ko matsalar numfashi ne ajalinsu. Babu inda za a rubuta yaƙi.

Hajiya Kaka:
Allah ya saka miki da alheri 'yata. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya ba iyayensu dangana.

Dakta Amina:
Abin da Maman Iman ta faɗa duniya ta gan shi da ido a asibitin Al-Shifa na Gaza a Nuwamban 2023, lokacin da mai ya ƙare aka fitar da bakwaini daga kwalabe aka jera su kan gado ɗaya ana lulluɓe su. Wasu sun rasu kafin a kwashe 31 zuwa Rafah, daga nan aka wuce da 28 Masar. A Khartum ma, bayan faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, gidan marayu na Maigoma ya rasa yara aƙalla 50 cikin makonni shida, da yawansu jarirai. Ba harbe su aka yi ba. Masu rainon ne suka kasa zuwa aiki, babu isassun hannun da za su shayar da su kowane awa uku, wuta ta ɗauke, zazzaɓi da bushewar jiki suka yi sauran. Sai a watan Yuni aka samu aka kwashe ragowar zuwa Wad Madani.

Malam Habu:
Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren tarihi, don abin ba sabo ba ne, kuma akwai biranen da likitocinsu suka ci gaba da rubuta komai cikin bala'in.

Leningirad ta Rasha: sojojin Jamus sun yi mata ƙawanya daga 8 ga Satumban 1941 zuwa 27 ga Janairun 1944, kwana 872. A Nuwamban 1941 rabon burodin yaro da wanda ba ya aiki ya sauka zuwa giram 125 a rana. Wani likitan yara mai suna Antonov ya buga bayanan asibitinsa bayan yaƙin. Jariran da aka haifa a farkon 1942 nauyinsu ya ragu da kusan rabin kilo, kuma kusan huɗu cikin goma bakwaini ne. Haihuwar kanta ta yi ƙasa sosai, don yunwa ta sa al'adar mata da yawa ta ɗauke.

Sai yammacin Holan, daga ƙarshen 1944 zuwa Mayun 1945, lokacin da aka toshe hanyar abinci zuwa birane irin su Amsterdam da Rotterdam. Mutum kusan 20,000 yunwa ta kashe. A nan ne aka koyi wani abu mai nauyi, don masu bincike sun bi yaran da ke cikin ciki a lokacin har suka tsufa. Waɗanda yunwar ta same su a watannin ƙarshe na ciki an haife su ƙanana. Waɗanda ta same su a farkon ciki an haife su da nauyi daidai, amma da suka manyanta sun fi tsararrakinsu kamuwa da ciwon zuciya da ƙiba. Yunwar wata shida ce, amma tana bin mutum har yana ɗan shekara hamsin.

Sarayebo ta Bosniya ma, a ƙawanyar 1992 zuwa 1996, an ragargaza babban asibitin haihuwa tun a farkon yaƙin, kuma mutuwar jarirai dab da haihuwa da jim kaɗan bayanta ta ninka.

Abu Hafsat:
Malam, ina girmama abin da ka kawo, amma ni ina da ja kan alƙaluman yaƙi gaba ɗaya. Wa ke ƙirgawa lokacin da ake ruwan wuta? Ku tuna Iraƙi. A 1999 binciken UNICEF ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta tashi daga 56 zuwa 131 cikin 1,000 a kudanci da tsakiyar ƙasar saboda takunkumi. Duniya ta ɗauki maganar yara 500,000 tana maimaitawa shekara da shekaru. Bayan faɗuwar gwamnatin Saddam aka sake yin safiyo har sau uku, ba a ga wannan tashin ba. A 2017 wasu masana, Dyson da Cetorelli, suka nuna an murɗe alƙaluman ne. To in wannan ya faru sau ɗaya, me zai sa in yarda da miliyan 3 ɗin Dakta?

Dakta Amina:
Tambayarka tana kan hanya Abu Hafsat, kuma maganar Iraƙi gaskiya ce. Amma dubi bambancin. Wancan safiyo ɗaya ne, ma'aikatan gwamnatin da ke da buƙatar a ga adadin ya yi yawa su suka tattara shi. Na Afirka kuwa an ɗauko shi ne daga safiyon lafiya da ake yi a ƙasashe da dama tsawon shekaru, inda ake tambayar uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye, ba tare da ita ko mai tambayar sun san wata rana za a haɗa amsar da taswirar yaƙi ba. Kuma ko a Iraƙin, abin da binciken baya ya nuna shi ne raguwar mutuwar yara da ake samu kafin 1990 ta tsaya cak, alhali maƙwabtanta suna ci gaba. Wannan ma asarar rayuka ce, sai dai ba ta kai adadin da aka yayata ba.

Ni tsorona ya fi karkata ga ƙarancin ƙirga. Jaririn da aka haifa a gida cikin dare ya rasu kafin asuba, ba a yi masa takardar haihuwa ba balle ta mutuwa. A lissafin hukuma bai taɓa zuwa duniya ba.

Abu Hafsat:
Na karɓi wannan na ƙarshen. Amma dai ina nan kan bakata cewa duk adadin da ya fito daga bakin ɗaya daga cikin masu faɗa, a yi taka-tsantsan da shi kafin a yaɗa.

Maman Iman:
Wani lokacin ma ɓoyewa ake yi. A Benezuwela ba yaƙi aka yi ba, tattalin arziki ne ya durƙushe, likitoci suka bar ƙasar, magani ya ɓace daga asibitoci. Ma'aikatar lafiya ta daɗe ba ta fitar da alƙaluma ba. Da ta fitar a 2017, sai ga shi mutuwar jarirai ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a 2016, ta mata wajen haihuwa da kashi 65. Kwanaki kaɗan aka sauke ministar.

Malam Habu:
Akwai wani misali da ke rikita lissafin, kuma ina ganin shi ne ya fi koyar da darasi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutuwar jarirai a Ingila da Wales raguwa ta yi, daga kusan 105 cikin 1,000 a 1914 zuwa kusan 97 a 1918. Maza na mutuwa a Faransa dubu-dubu, jarirai a biranen Ingila na ƙara rayuwa.

Baban Sadiq:
Ikon Allah. To Malam wannan ai ya rushe duk abin da aka faɗa.

Malam Habu:
Bai rushe ba, ƙarfafa shi ya yi. Yaƙin ba a titunansu aka yi shi ba. Famfo bai daina zuba ba, asibiti bai rufe ba. Matan sojoji na karɓar alawus a hannunsu kowane mako, rashin aikin yi ya kusa ƙarewa, an taƙaita lokacin sayar da giya, kuma ganin yadda maza ke ƙarewa ya sa hukuma ta ƙara ma'aikatan da ke bin gida-gida suna duba masu jego, har aka yi dokar kula da uwa da yaro a 1918. Wato abin da ke kashe jariri shi ne katsewar ruwa, abinci, ɗumi, ungozoma da uwa mai lafiya. Inda yaƙi ya katse su, jarirai na mutuwa. Inda rikicin siyasa ya katse su ba tare da an harba bindiga ba, kamar misalin Benezuwela da Maman Iman ta kawo, haka nan suna mutuwa. Inda aka tsare su, ko ana yaƙi suna rayuwa.

Injiniya Sani:
Ni ta ɓangaren ruwa zan yi magana, don shi ne aikina, kuma shi ne amsar tambayar Baban Sadiq kan birni. Gaskiya ne a zaman lafiya jaririn birni ya fi na karkara samun kulawa a yawancin ƙasashe. Amma rayuwar birni duk a rataye take da abubuwan da mutum ba zai iya yi wa kansa ba. Ruwan famfo sai an tura shi da inji, injin sai da lantarki, tacewa sai da sinadarin kulorin da ake shigowa da shi. Idan wuta ta ɗauke na kwanaki, matsin ruwa a bututu ya faɗi, to duk inda bututun ya tsage sai ƙazantar ƙasa ta tsotsu ciki. Ranar da ruwan ya dawo, mutane na murna, alhali da najasa ya taho. Ga shara ba mai kwashewa, ga masu gudun hijira sun cika makarantu, mutum ɗari na bin bayan gida ɗaya. Haka aka yi a Yaman: cibiyar tace ruwan ƙazanta ta Sana'a ta samu cikas, ma'aikatan gwamnati suka yi watanni ba albashi, kwalara ta ɓarke, zuwa ƙarshen 2017 waɗanda ake zargin sun kamu sun haura miliyan ɗaya. Mutum miliyan biyu a wuri guda ba su da rafi ko rijiyar da za ta ishe su.

Hajiya Kaka:
To 'ya'yana, ni tambayata ta aiki ce. Idan ana tara taimako don irin waɗannan wurare, ni abin da zuciyata ke fara kawo mini shi ne madarar gwangwani. Uwa tana cikin firgici, ba ta ci ta ƙoshi ba, ina za ta samu nono? Ba gara a kai musu madara ba?

Dakta Amina:
Ranki ya daɗe Hajiya, niyyar mai kyau ce, amma a nan ne ake yawan yin ɓarna da sunan taimako. Madarar gari sai an dama ta da ruwa, bulumboti sai an wanke shi an tafasa. A wurin da Injiniya ya bayyana, babu ruwa mai tsafta, babu makamashin tafasawa. Duk shayarwa ɗaya ƙofa ce ta gudawa. Sannan idan aka raba madara kyauta ga kowa, uwar da ke shayarwa lafiya lau sai ta fara haɗawa, yaron ya rage tsotso, nonon ya ragu da gaske. Ranar da motar agaji ta daina zuwa, ba madara ba nono.

Firgici yana iya riƙe saukowar nono na ɗan lokaci, amma ba ya hana jiki yin sa. Uwar da ba ta ƙoshi ba ma tana yin nono, sai dai jikinta ne ke biya, shi ya sa ake cewa a ciyar da uwar, ita ta shayar da ɗanta. A ba ta abinci, ruwa, da wani lungu da za ta zauna hankali kwance.

Hajiya Kaka:
To wanda uwarsa ta rasu fa, Dakta? Ko wadda aka raba ta da ɗanta wajen gudu? Kada mu yi maganar littafi mu bar marayu.

Dakta Amina:
Wannan gaskiya ne Hajiya, kuma su ne suka fi kowa shiga haɗari, kamar yaran Maigoma. Su dole a nema musu mafita. Ta farko ita ce wata mace mai shayarwa ta karɓe shi idan an samu. Mace da ta yaye ma tana iya dawo da nono idan yaro na tsotso akai-akai, ko da yake yana ɗaukar kwanaki zuwa makonni. Idan duk babu, sai madara, amma ta hannun ma'aikatan lafiya, ga yaron da aka tantance, tare da ruwa mai tsafta da alƙawarin ba za ta yanke ba, kuma da kofi ake ba shi don ya fi sauƙin wankewa. Abin da ake hanawa shi ne a tsaya a bayan mota ana miƙa wa duk mai goyo gwangwani.

Maman Iman:
Anti Dakta, ki ƙara musu da maganar ɗumi. Lokacin da kwalabenmu suka mutu, abin da ya cece mu shi ne ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, daga shi sai hula da kunzugu, a ɗaure su tare da zane. Uwar da aka yi wa tiyata ba ta iya ba, sai mu ɗora wa kakar ko uban. Za ka ga yaron da ke ta kakkarwa ya lafa, numfashinsa ya daidaita. Wani likita, Edgar Rey, ya fara tsara wannan hanya a Bogota ta Kolombiya a 1978, saboda kwalabe sun yi musu kaɗan. Ba ta maye gurbin oksijin ga wanda huhunsa bai nuna ba, amma ga sanyi babu kamarta.

Malam Habu:
Ruwan gishiri da sukari ma a cikin yaƙi aka tabbatar da ƙarfinsa. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, kwalara ta shiga sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon ta Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka dama haɗin a manyan durom, dangin marasa lafiya na ba su da kofi. Mutuwa ta sauka daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Abu Hafsat:
Duk waɗannan dabaru ne masu kyau, amma ina jin tsoron kada su zama uzuri. Kada a ce tunda akwai zane da ruwan gishiri, to a yanke wa birni wuta ba komai. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta hana taɓa asibitin farar hula. Kwamitin Sulhu ya sake jaddadawa a ƙuduri mai lamba 2286 a 2016. Bayan nan an kai hari asibitin haihuwa na Dasht-e-Barchi a Kabul a Mayun 2020, an kashe mata a kan gadon haihuwa. An jefa bam a na Mariupol ta Yukiren a Maris ɗin 2022. Wanda ya rufe hanyar dizal ya san akwai kwalabe a ƙarshen wayar.

Dakta Amina:
Ban saɓa maka ba ko kaɗan. Dabarun nan na rage asara ne kawai, ba sa yin tiyata, ba sa ƙara jini, ba sa ajiye allurar rigakafi a sanyin digiri 2 zuwa 8 da take buƙata. Rigakafin ma shi ne illar da ke zuwa a makare. Yaran da aka haifa a shekarar rikici ba su samu allura ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ƙyanda ta shigo ta same su a tare. Shan inna ya dawo Siriya a 2013 bayan an fi shekara goma ba a gan shi ba, ya dawo Gaza a 2024 a jikin yaro ɗan wata 10.

Kuma masu faɗa suna iya tsayawa idan sun so. A El Salbado, daga 1985, ana tsagaita wuta na wasu kwanaki a shekara don a yi wa yara rigakafi, da sa hannun UNICEF da cocin Katolika. A Gaza an yi irin wannan a Satumban 2024, aka ɗiga wa yara sama da 500,000 maganin shan inna a zagayen farko.

Baban Sadiq:
Dakta, in za su iya tsayawa kwana uku don allura, me zai hana a nemi irin wannan don masu naƙuda? A ce motar asibiti ba a tsare ta a shinge, dare ko rana.

Maman Iman:
Ana nema, Yaya, kuma wani wurin ana samu. Matsalar ita ce rigakafi ana sa masa rana, haihuwa kuwa kowane dare ce, don haka sai an samu yardar kowane kwamanda da ke riƙe da kowane shinge, kuma a sabunta ta duk lokacin da aka canja masu gadi. Abin da muka koma yi shi ne, duk mai cikin da ta shiga watanta, musamman mai hawan jini ko wadda aka taɓa yi wa tiyata, mu ce ta taho da rana tun kafin ciwo ya fara, ta zauna a harabar asibiti har ta sauka. Baranda muka share muka shimfiɗa musu katifu, kowace da mai jinyarta ɗaya.